Cinikin 'Yar Tsanar Jima'i: Doka, Riba da Zaman Aure

Ɗan kasuwar Oshodi ko Agege da ke odar kaya daga ƙasar Sin yakan ci karo da tallar wata haja a shafukan dillalai, watau 'yar tsanar roba mai girman mutum da ake ƙerawa domin biyan buƙatar jima'i. Kafin ƙyallin riba ya ɗauki hankalinsa, ya kamata ya san matsayinta a doka da kuma tasirinta ga iyali.

Kamfanin Abyss Creations na Amurka ya fara sayar da samfurin RealDoll a ƙarshen shekarun 1990 a kan dubban daloli. Daga baya masana'antun lardin Guangdong suka karya farashi. Abin da ke riƙe da kasuwar shi ne kaɗaici da wahalar samun aure: ƙidayar Sin ta 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35.

Dangane da tasirinta, binciken da masana na Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila suka wallafa a 2022 ya gano cewa masu mallakarta sun fi sauran maza kallon mace a matsayin abin biyan sha'awa, kodayake ba su fi su karkata ga cin zarafi ba. Tun a 2018 wasu likitoci biyu sun bayyana a mujallar BMJ Sexual and Reproductive Health cewa ba su sami hujjar amfanin lafiya da masu talla ke iƙirari ba. Fargabar masu suka ita ce, wanda ya saba da abin da ba ya fushi, ba ya gajiya, ba ya cewa a'a, zai rasa haƙurin da zaman aure ke buƙata.

A fannin doka kuwa, ƙasashe sun sha bamban. Gwamnatin Zambiya ta yi gargaɗi a kanta a 2018, yayin da Koriya ta Kudu ta ɗage haramcin shigo da ita a Disamban 2022. A Nijeriya, jerin kayayyakin da aka haramta shigowa da su kwata-kwata ya haɗa da kayan batsa, saboda haka kwantenar da ta iso Apapa da irin wannan haja na iya faɗawa hannun Kwastan, jari ya salwanta.

Matsalar da hajar ke ci da ita ba baƙuwa ba ce a Legas, inda 'yan ci-rani ke shafe watanni nesa da iyalansu, samari kuma ke fama da tsadar lefe da kuɗin haya. Jihar Kano ta tunkari wannan matsala ta wata hanya, inda ta aurar da ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023. Kowane aure yana motsa cinikin atamfa, gado, kwanuka da abinci shekara da shekaru, alhali 'yar tsana ciniki ne na rana ɗaya wanda ka iya cinye jarin mai shi da mutuncinsa a zango.