Wasan da Ake Shiga Cikin Labari

A wannan makon mun kawo muku bayanin wani wasa da ake yi a kan tebur, ba waya, ba kwamfuta. Kayansa takarda ne da fensir da dayis, wato ɗan abin nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa a lido.

Wanda ya fi suna a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu ne suka ƙirƙiro shi, Gary Gygax da Dave Arneson, ya fito a 1974. Yanzu kamfanin Wizards of the Coast ne ke buga littattafansa.

Ya yi kama da tatsuniya, sai dai a tatsuniya kaka ce kaɗai ta san abin da Gizo zai yi, mu namu sauraro. A nan kuwa kowa yana da nasa mutum a cikin labarin. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ne kuma alƙali. Sauran, kamar huɗu ko biyar, kowa zai ƙirƙiri gwarzonsa, ya raɗa masa suna, ya rubuta bayaninsa a takarda. Akwai abubuwa 6 da ake ba maki, kamar ƙarfi, zafin nama, basira da iya magana.

Misali, mai jan labari ya ce, "Kun iso ƙofar gari da dare, an rufe, ga mai gadi yana gyangyaɗi. Me za ku yi?" Wani ya ce zai lallaɓa mai gadi da daɗin baki. Wata ta ce ita katanga za ta haura. To, a nan dayis yake shigowa. Mai jan labari ya yanke cewa katangar tana bukatar 15. Ta jefa, 12 ta fito, aka ƙara mata maki 3 na ƙarfinta, ta haye ke nan. Da 4 ce ta fito, faɗowa za ta yi, mai gadi ya farka, labari ya koma wani wajen da ko mai jan labarin bai shirya ba. Mu a ganinmu nan ne daɗin yake.

Za ku ce ina dayis ya samu 12? Ai nasu ba irin na lido kaɗai ba ne. Akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, sai babbansu mai fuska 20, wanda aka fi jefawa. Kowace lamba a jikinsa damarta ɗaya ce cikin ashirin, wato kashi 5 cikin ɗari. Masu sha'awar wasan suna kuma sayen taswira mai gida-gida da 'yan ƙananan mutum-mutumi da suke yi wa fenti. Suna da kyau, amma ba dole ba ne. Murfin kwalba ma zai iya zama doki.

Mun san wasu malamanmu da sun ga dayis a hannun ɗalibi sai su ce caca, su ƙwace. Ba mu ga laifinsu ba, don akwai masu yin cacar da shi. Amma a wannan wasa ba a sa ko kwabo, kuma babu wanda yake cinye wani. Duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke, tare suke tsira, tare suke shiga uku. A Amurka ma a shekarun 1980 wasu iyaye sun tsorata da shi saboda dodanni da tsafin da ke cikin labaransa. Sai dai labari a hannun mai jansa yake. Yana iya cire duk wannan, ya kai mu ayarin fatake daga Kano zuwa Agadas, 'yan fashi a gaba, ruwa ya ƙare a salka.

Wanda bai da dayis mai fuska 20 ya yanka takardu 20, ya rubuta 1 zuwa 20, ya zuba a hula, a riƙa ɗauka ido rufe ana mayarwa. Kada a ce za a haɗa dayis biyu na lido a madadinsa, lissafin ba ɗaya ba ne. Da dayis biyu, 7 tana da hanyoyi 6 cikin 36, amma 12 hanya ɗaya tak gare ta. Wanda bai yarda ba ya tambayi malamin lissafi.