Matuƙin jirgin shata: shi ma kasuwarsa ta lokaci ce

Duk shekara idan jigilar maniyyata ta kankama, sai maganar tuƙin jirgi ta dawo bakin iyaye a zango. Yaro ya hango kyaftin da farar riga da igiya huɗu a kafaɗa, ya ce shi ma abin da zai zama ke nan. Uba kuma ya fara lissafin filin da zai sayar a gida. To, kafin a kira dillali, ina so mu leƙa rayuwar mutanen nan da ke kai mu Jidda. Da yawansu matuƙan jiragen shata ne, kuma aikinsu ya fi kama da fataucinmu fiye da yadda muke zato.

Jirgin shata kamar motar da aka ɗauka shata ce a tasha: in akwai mai biya a tashi, in babu a kwanta. Kamfanoni irin su Kabo Air ta Kano, da Max Air da ta biyo baya, da jigilar alhazai aka fi saninsu. Makonnin kai mutane, makonnin kwaso su, ga Umara ta azumi. A waɗannan kwanaki matuƙi ba ya ganin gida sai a waya. Ya tafi Saudiyya da jirgi cike, ya juyo da shi babu kowa, ya ɗan runtsa a otal, a buga masa waya cikin dare. Sallar layya ma sau da yawa a bakin aiki take samunsa. Da an kwaso alhajin ƙarshe kuwa, sai kasuwa ta watse.

Abin da ya sa lissafin kuɗinsu ke da wuya ke nan. Yawanci akwai albashi tsayayye, sai abin da ake ƙarawa bisa awannin da mutum ya yi a sama, sai alawus na kwanan waje. Wasu ma kwantiragin 'yan watanni suke yi, ko a yi hayarsu tare da jirgin daga wata ƙasa, aiki na ƙarewa kowa ya kama gabansa. Wanda ake biya da dala da wanda ake biya da naira suna iya zama kujera kusa da kujera, amma aljihunsu ba ɗaya ba. Mu da muke canjin sefa da sidi kullum ai ba sai an yi mana bayani ba. Kyaftin tsohon hannu yana samu, wannan babu musu. Sabon mataimaki fa? Shi ne mai shan wuya.

Dalili kuwa, lasisin tuƙin haya na farko ana samunsa ne da awa 200 ko kusa da haka a sama, amma kujerar kyaftin a babban jirgi sai da babban lasisi, mai buƙatar awa 1,500. Tsakanin biyun nan shekaru ne. Ko yaro ya gama kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, sai ya sake wani horo na musamman kan irin jirgin da zai tuƙa, kuma kuɗinsa ba wasa ba. In kamfani ya biya masa, yakan ɗaure shi da yarjejeniyar wasu shekaru.

Sai matsin lamba, wanda a ganina shi ne abin da ya fi nauyi. Doka ta ƙayyade awannin tuƙi, kusan 100 a kwana 28, ta kuma wajabta hutu. Amma a harkar shata kowane jinkiri asara ce ga mai jirgi, ga fasinjoji sun kwana uku a sansani suna ta kumfar baki. Dattawanmu ba su manta 11 ga Yulin 1991 ba, ranar da jirgin DC-8 da aka yi hayarsa daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. Bincike ya gano iskar wasu tayoyin ba ta cika ba, an kuma bar jirgin ya tashi a haka don kada a makara. Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa idan na ji an ce matuƙi ya ƙi tashi sai an gyara wani abu, ko an ce kayanmu sun yi nauyi a rage, ba na shiga cikin masu hayaniya. Mu 'yan kasuwa mun san halinmu da Gana-mas-go.

Ga kuma wani abu da iyaye kan manta: duk wannan jari a kan lafiyar mutum ɗaya yake. Likita na duba matuƙi aƙalla sau ɗaya a shekara, ciwon zuciya ko matsalar ido na iya ajiye shi rana tsaka, kuma a shekara 65 dole ya sauka daga jigilar ƙasa da ƙasa. Saboda haka, Alhaji, in ɗanka ya nace, kada ka fara da kuɗin makaranta. Fara kai shi wurin likitan da hukumar sufurin jiragen sama ta amince da shi, a yi masa gwajin aji na ɗaya, har da na bambance launuka. Wani yaron ba ya rarrabe ja da kore, kuma bai taɓa sani ba.