Gidan Gado da Lungu: Yadda Cikin Birnin Kano Ya Cika Ya Batse

A shekarar 1851, lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya sauka a Kano, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, adadin da kan ninka idan ayarin fatake ya iso da rani. A wancan zamani, yawancin filin da ganuwa ta kewaye ba gidaje ba ne. Gonaki ne da wuraren kiwo da kududdufai. Sarakunan da suka yi ta faɗaɗa badala, tun daga Gijimasu da ya aza harsashinta zuwa Muhammadu Rumfa (1463-1499) da waɗanda suka biyo bayansa, da gangan suka bar sarari a ciki, domin ko abokan gaba sun yi wa gari zobe a samu inda za a yi noma.

Wannan sarari ya ƙare. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomi uku da suka raba tsohon birni a tsakaninsu, wato Birni da Kewaye da Dala da Gwale, suna da mutum fiye da miliyan ɗaya, kodayake kowaccensu ta ɗan leƙa wajen ganuwa. Dala kaɗai ta haura 400,000. Kuma an daɗe da yin wannan ƙidaya.

Mutane da dama na ɗora alhakin cunkoson kan baƙi. Gaskiya ne Kano ta sha baƙi tun fil azal, sunayen unguwanni ma shaida ne: Ayagi, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa. Amma waɗannan sun zama Kanawa tun kaka da kakanni. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sababbin baƙi a Sabon Gari da Fagge suka yi ta sauka, daga baya kuma a unguwannin bayan gari. Abin da ya cika cikin birni haihuwa ce da rabon gado.

Gida ɗaya, magada ashirin

Gidan Bakano na dauri yana da tsari. Daga titi sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, malami ke ba da karatu, maɗinki ke kafa kekensa. Daga nan sai ƙofar gida da ɗakin samari, sai shigifa, sannan tsakar gida mai faɗi da rijiya da madafi da turken akuya, ɗakunan mata a kewaye, turaka a gefe. Ginin tubali ne da rufin azara, an shafe shi da makuba, ga zankwaye a sama, ga indararo na zubar da ruwan rufi.

To, a ce maigida ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya goma sha biyar a gida mai ɗaki goma. Shari'a ta fayyace rabon kowa: matan su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Sai dai ɗaki ba ya rabuwa yadda kuɗi ke rabuwa, kuma sayar da gidan uba abin kunya ne a wurin mutane da yawa. Sai a kira magini ya ja katanga a tsakar gida, a fasa sabuwar ƙofa ta baya, wanda ya samu ɗaki ɗaya ya ɗora bene a kansa. Bayan shekara talatin kowane magaji ya zama maigida mai nasa magadan, a sake yanka abin da aka riga aka yanka. Haka gidan da aka gina don mutum goma sha biyar ke komawa na mutum sittin, rijiya ɗaya, masai ɗaya.

Abin da ake fara cinyewa shi ne tsakar gida, wadda ita ce hanyar iska da haske, wurin shanya da girki da kwanan zafi. Sai zaure ya bi baya, a mayar da shi shago ko ɗakin ango. Rufin azara mai sanyi ya koma na kwano, wanda a watan Maris da Afrilu ba ya barin mutum ya runtsa. Shi ya sa da tsakar dare za ka tarar da samari sun jera tabarmi a kan dakali da bakin masallaci. Mata da yara kuwa ba su da wannan damar. A irin waɗannan ɗakuna ne cututtukan numfashi ke samun gindin zama, kuma waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba su manta ba.

Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina. Lokacin da gida ke hannun mutum ɗaya, shi ke kiran magina. Da ya zama na mutum ashirin, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Ga maƙwabci ya rushe nasa ya tayar da na bulo, ya ɗaga daɓensa, ya saki ruwan rufinsa a jikin tsohuwar katanga. Idan ruwan Agusta ya kwana yana zuba, sai a wayi gari da labarin gini ya faɗa wa mutane.

Ruwan da ya rasa wurin zuwa

Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa daga cikinsu. Da damina su ke karɓar ruwan unguwa kafin ragowar ta gangara Jakara, rafin da ya ratsa gari ta gefen Kasuwar Kurmi. An mayar da da yawansu juji, daga juji aka cike, daga cikewa aka yanka filaye. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, sai ya shiga ɗakunan mutane. Kwatocin da suka rage kuma leda da robar ruwa sun toshe su.

Ruwan sha shi ma ya zama abin saye. Kano na cikin garuruwan Arewa na farko da suka samu famfo, tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga matatar Challawa. Yau a lunguna da dama bututun na nan amma ya bushe, sai 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatse. Rijiyar cikin gida kuwa, tun da gida ya tsuke, tazararta da ramin masai ba ta wuce taku kaɗan ba, ta koma ta wanki da wanke-wanke.

Shi kansa lungu don mai tafiya a ƙasa da jaki aka yi shi. A wasu wurare a Yakasai ko Madabo ko Mandawari, idan mai kura ya shigo dole mai tahowa ya manne da bango. Mai naƙuda sai an riƙo ta zuwa bakin titi kafin a samu adaidaita sahu. Masu ɗauke da makara sai sun karkata ta a kwana. Idan gobara ta tashi, motar kashe gobara a titi take tsayawa, bokitin maƙwabta ne ke aiki.

Me ya hana su tashi?

Masu hali da yawa sun tashi, sun yi gini a Rijiyar Zaki da Sharaɗa da Tudun Yola, masu ƙaramin ƙarfi sun sayi awon igiya a Kurna ko Ɗorayi. Amma waɗanda suka zauna suna da hujja. Daga cikin birni mutum na iya takawa da ƙafa zuwa Kurmi ko Rimi ko Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari. Matar da ke gasa gurasa ko ɗinka hula ko suyar ƙosai a cikin gida, masu sayenta suna bayan katangarta. Akwai adashe, akwai makarantar allo a zaure, akwai mai unguwa da ya san kakan kowa. Idan aka yi rasuwa, kafin azahar kwanukan abinci sun fito daga gidaje goma. Ana saɓawa, don zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma da wuya mutum ya kwana da yunwa ba a sani ba. Rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ba su da wannan, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin mai ɗaki ɗaya a gidan gado.

Don haka rusau ba magani ba ne. Birnin Fas na Maroko, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, yana da lunguna da suka fi namu tsukewa. Can hukuma ta musamman aka kafa, tana taimaka wa masu gida gyara ginin da ke shirin faɗuwa, aka kuma buɗe 'yan hanyoyin kai ɗauki ba tare da an share unguwanni ba. Agadas, birnin ƙasa irin namu, ta shiga wannan jerin a 2013. Ganuwar Kano tana jerin jira tun 2007, ana kuma ci gaba da cin ta da gini.

Abin da cikin birni ke buƙata a bayyane yake. A yi wa kududdufan da suka rage iyaka a hukumance, a hana cike su ko da wane ne ya nema. A dawo da ruwan famfo, a sa famfunan unguwa inda bututu ba zai shiga gida ba. Hukumar tsara birane ta KNUPDA ta zauna da masarauta da masu unguwanni a fitar da hanyar da motar asibiti za ta bi a kowace shiyya, a biya diyya ta gaskiya ga wanda aka taɓa. Alƙalai da malamai masu rabon gado su riƙa nuna wa magada cewa shari'a ta yarda a yi wa gida kuɗi wasu su fanshi rabon wasu, maimakon a yanka shi har ya kasa zaunuwa. Attajiran da aka yanke wa cibiya a waɗannan lunguna kuma su tuna cewa gyaran kwata da rijiya sadaka ce mai gudana. Idan ba a yi haka ba, magadan da ke tasowa za su gaji ɗakuna, amma ba za su gaji gida ba.