Kifi Na Ganinka Mai Jar Koma: Me Ya Sa Su Ke Ƙara Wuya a Tafkin Kware?

In kana zuwa fatsa Tafkin Kware, arewa da birnin Sakkwato, ko bakin Gulbin Rima, wataƙila ka lura da wani abu. Kifi na nan, kana ganin motsinsa a saman ruwa, amma ka wuni da ƙugiya ya ƙi taɓa koto. Wanda ka samu ma ɗan ƙarami ne. To shin kifin ne ya ƙare, ko wayo ya yi? Amsar kimiyya ita ce duka biyun, har da dalili na uku.

Na farko, kifi yana koyo. A 1970, wani masani ɗan ƙasar Holan, Beukema, ya gwada haka da kifin da ake kira carp a tafkin gwaji. Ya gano cewa wanda ƙugiya ta taɓa sokewa ya tsira, kama shi karo na biyu yakan yi wuya ƙwarai, kuma wannan tsoro yana iya kai shekara. Wato kifin ya haɗa siffar koto da zafin da ya sha.

Na biyu shi ne gado. A tafkin Ridge da ke jihar Illinois ta Amurka, David Philipp da abokan aikinsa sun bi diddigin kifin bass, wanda masu fatsa na can suka fi nema. Suka ware masu saurin cafke koto gefe guda, masu ɗari-ɗari gefe guda, kowane rukuni ya hayayyafa shi kaɗai. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna halin yana bin jini: jikokin masu haɗama sun fi saurin kamuwa, jikokin masu ɗari-ɗari kuwa sai ƙara wuya suke. Ka ga kenan duk ranar da muka kwashe masu haɗama muka kai kasuwa, masu tsoro muke bar wa ruwa su haihu.

Na uku, girma. Kalli da taru sun fi tsince manya. A 2002, Conover da Munch sun yi ta cire mafi girma daga wani ƙaramin kifin teku a ɗakin gwaji. Cikin zuriya huɗu kacal, kifin ya koma tsiraru masu jinkirin girma. Ga shi kuma babbar uwa ta fi ƙarama zuba ƙwai nesa ba kusa ba. Shi ya sa rasa giwan ruwa guda babba ba asarar kifi ɗaya ba ce.

To me za ka yi in ka je ruwan da aka matsa wa?

Canza koto. In kowa tana yake sawa, gwada gara, ɗan ƙaramin kifi ko hanjin kaza, musamman ga tarwaɗa wadda ƙamshi da ɗanɗano ke ja ta fiye da gani. Rage kaurin zare da girman ƙugiya. Sannan ka rage motsi: kifi na da wani layi a gefen jikinsa mai jin girgizar ruwa, don haka takunka a bakin gaɓa ko bugun kwale-kwale sanarwa ce gare shi. Fita da asuba ko gab da magariba, lokacin da masu farauta irin giwan ruwa ke kiwo. Kuma bar mashigar da kowa ke tsayawa, nemi gurbi mai zurfi, gindin ciyawa ko itacen da ya nutse.

Sai dai fa waɗannan dabaru na yau ne kawai. In kowa ya ƙware, ragowar ma za su ƙare. Maganin gaske shi ne a bar ruwa ya huta, kuma Sarkawa sun riga masana sanin haka. Dubi Argungu: bikin kamun kifin da ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 yana tsaye ne kan doka guda, ba a su a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wannan hutun na cikin dalilan da har yau ake fito da manyan giwan ruwa a can.

Kware da madatsar Goronyo ma za su amfana da irin haka: a ɗaga ƙafa da damina lokacin da yawancin kifinmu ke zuba ƙwai, a daina jan taru da gidan sauro mai kwashe har 'ya'ya, a guji zuba guba, a keɓe wani sashe da ba a taɓawa. Kai kuma mai saye, in ka ƙi tarin 'yan mitsi-mitsin karfasa a kasuwa, ka taimaki masuncin da ke son ɗansa ya gaji sana'ar.