Idan An Ce "Shi Ya Harbe Kansa": Abin da Binciken Gawa Ke Bayyanawa

Wani lokaci labari kan iske iyali cewa ɗansu ya rasu da harsashi yayin da 'yan sanda ko jandarmomi suka je kama shi, wai kuma da hannunsa ya yi. Hakan na faruwa: wanda aka rutsa da shi, ga tsoron kurkuku ga kunya, yana iya yanke ƙauna cikin 'yan mintoci. Amma akan kuma faɗi haka don a rufe wani abu. Fatar baki ba ta raba wannan gardama, sai likitan binciken gawa.

Abu na farko da yake dubawa shi ne tazara. Harbin da aka yi dab da jiki yana barin baƙin hayaƙi da ƙuna a bakin rauni. Daga ɗan nesa, ƙwayoyin albarushi kan bar ɗigo-ɗigo a fata. Daga nesa sosai, babu ko ɗaya. Sannan ya bi hanyar da harsashi ya ratsa, ya ƙirga raunuka, a nemi ƙurar albarushi a hannun mamaci. Harsashin bindigar zamani kuma yana ɗauke da zanen bututun da ya fito, don haka ana iya gane bindigar da ta harba shi. Alama ɗaya ba ta isa hukunci, sai an haɗa da abin da aka tarar a wurin da bayanin shaidu.

Ƙa'idar Minnesota ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sabunta a 2016, ta tanadi a binciki duk mutuwar da ta auku a hannun hukuma, a kuma bar wakilin iyali ya halarci binciken gawar.

Gaggauta sutura haƙƙin mamaci ne, amma ruwan wanka yana tafiya da shaida. Saboda haka:

• Ku nemi a yi binciken kafin wanka.
• Kada ku taɓa bindigar.
• Kada ku wanke tufafinsa. In sun zo hannunku, ku bar su su bushe, ku adana a takarda, ba a leda ba.
• Ku nemi sakamakon a rubuce.

Rigakafi ya fi magani. Idan ɗan'uwanku ya shiga matsala da hukuma har yana cewa gara ya mutu, kada ku ɗauka zancen baki ne. Ku nisanta shi da makami, kada ku bar shi shi kaɗai, ku saurare shi ba tare da zargi ba, ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar.