Taura Biyu a Baki: Digiri da Jarrabawar Ƙwararru kan Harkar Kuɗi

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya cinye wata takwas. Wasu ɗalibai sun ƙarar da shi a majalisar ƙofar gida, wasu kuwa suka rungumi littattafan ICAN. Tun daga nan tambayar ta ƙara yawa a bakin masu karanta akanta da tattalin arziki: shin mutum ya haɗa digiri da jarrabawar ƙwararru, ko ya bari sai ya gama?

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan tana taunuwa idan an san wadda aka ɗauka. ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya da doka ta kafa a 1965, tana da ƙofar da ta dace da ɗalibi, wato ATS. Kiredit biyar na sakandare ake nema, ciki har da Turanci da Lissafi. Mataki uku ne, kuma wanda ya gama ana ɗauke masa matakin farko na babbar jarrabawar. Daɗin abin, darussan kusan su ne ake koya masa a aji: akanta, haraji, dokar kasuwanci. Karatu ɗaya, riba biyu. Kuɗin kuma da naira ake biya.

Jarrabawar CFA ta Amurka wata duniya ce daban. Ita ta masu harkar zuba jari ce da hannayen jari, ba ta mai son aikin binciken asusu ba, kuma da yawa kwarjinin sunan kawai ke jan su. Ɗalibi na iya rubuta matakin farko idan saura wata 23 ko ƙasa da haka ya kammala digiri. Kowane mataki cikin ukun yana cin kimanin sa'o'i 300 na karatu. A lissafa wannan a kan zangon da ake rubuta kundin kammala digiri. Sannan da dala ake biya, kamar yadda ACCA, cibiyar akantoci ta Ingila, ke karɓar fam, ga shi tun Yunin 2023 naira ta zube. Faɗuwa sau ɗaya na iya lashe kuɗin makarantar ƙannen mutum.

Abin da masu tallan darasi ba su cika faɗa ba shi ne cin jarrabawa daban, samun laƙabin daban. CFA na neman sa'o'i 4,000 na aiki a cikin aƙalla wata 36, ACCA ma wata 36 take so.

Ni dai, ɗalibin da makinsa ke rawa ba zan ba shi shawarar ƙarin kaya ba. Bankuna da manyan kamfanonin binciken asusu da yawa, idan sun tashi ɗaukar sababbin ma'aikata, sakamakon digiri suke fara dubawa, kuma wanda bai kai 2.1 ba sau da yawa ba a ma kiransa gwaji, balle a ga takardar ATS ɗinsa.