Hunturu da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa: A ina ya kamata a sa hita?

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, 'ya'yan tarwaɗa kan yi wuyar samu a yankin Dambatta, Makoɗa da Bichi, kuɗinsu kuma ya tashi. Sanyi ne ke jawo haka. Tarwaɗa ta fi walwala a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 26 zuwa 30, inda ƙwanta kan fashe cikin kwana ɗaya ko abin da ya ɗan haura. A daren hunturu kuwa, iskar Kano kan sauko ƙasa da digiri 15. Ƙwai ya yi jinkirin fashewa, wani ya ruɓe, waɗanda suka fito su ƙi cin abinci.

Shi ya sa matasan da ke ƙyanƙyasa a bayan gida suka koma sayen hita, irin ta kwalba da ake sa wa tankin kifin ado. Sayenta ba wuya. Inda za a ajiye ta ne ake yin kuskure.

Na ga haka da idona a wani gida da ba shi da nisa da Dam ɗin Tomas. Mai gidan ya yi tsarin da ruwa ke zagayawa: tankunan 'ya'yan kifi suna sama, ruwansu na gangarowa ta bututu zuwa wani tanki a ƙasa da aka raba gida uku. A na farko ake tace datti, na tsakiya ruwa ne zalla, na ƙarshe kuma nan famfon da ke mayar da ruwa sama yake. Ya sa hitarsa a na ƙarshen, kusa da famfo, da tunanin ruwan ɗumi zai fi saurin isa ga kifi. Cikin mako guda ta tsage.

Dalilin a fili yake. A irin wannan tanki, ruwan ɗakin farko da na tsakiya ba ya sauka, domin bangon da ya raba su ne ke riƙe da tsayinsa. Duk ruwan da busasshiyar iskar hunturu ta shanye, a ɗakin famfo giɓinsa ke bayyana. Da ruwa ya ja baya, rabin hitar ya fito waje yana ta zafi, kwalbar ta fashe, ga kuma wayar lantarki a cikin ruwan da mutum ke tsoma hannu.

Wurin da ya dace shi ne ɗakin tsakiya, bayan an tace ruwa, inda yake gudana dare da rana ba tare da sauka ba. A kwantar da ita can ƙasa idan irin wadda ake nutsarwa gaba ɗaya ce, kada ta taɓa soson tacewa ko bangon roba. Ma'aunin zafi kuma a sa shi a tankin kifin, domin can ne ake son a san gaskiyar zafin, ba a gefen hita ba.

Sai matsalar da ta fi damun mu a nan: ɗauke wuta. Idan famfo ya tsaya, ɗumin da ke tankin ƙasa ba zai hau ba, kifi na sama cikin sanyi. Don haka ya fi kyau famfo da hita su kasance a layi ɗaya, ko na janareta ko na sola. Wanda ke da hali ya ƙara wata ƙarama a tankin kifin kanta, amma a cikin kejin roba, saboda 'ya'yan tarwaɗa na son cunkushewa a lungu, za su iya ƙonewa. A ganina ƙanana biyu sun fi babba ɗaya: in ɗaya ta mutu akwai saura, in kuma ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifin ba kafin gari ya waye.

Kada kuma a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Hita mai wat 300 tana buƙatar kusan awa 4 kafin ta ƙara digiri ɗaya kacal ga lita 1,000, ko da babu zafin da ke tserewa. A buɗaɗɗen tanki cikin iskar asuba, man janareta kawai ake ƙonawa. Sai an rufe tankunan, an kewaye ɗakin da leda, an toshe kafar iska.

Akwai kuma abin da kowace mai ɗiban ruwa da sassafe ta sani: ruwan rijiya da ɗuminsa yake fitowa a lokacin sanyi. Haka na burtsatse. Wanda ya kwana a tankin sama ne ke yin sanyi ƙalau, kuma shi da yawa ke buɗewa kai tsaye kan 'ya'yan kifi da safe. Ruwan ƙari ya fi kyau ya shiga ta tankin ƙasa, a hankali, ya ratsa ta wurin hita kafin ya hau.

Kafin a tsoma hannu, a cire filogi. Kafin a fito da hitar daga ruwa, a bar ta ta huce kamar minti 15.